Muryar Baba Makaɗi a Tsakanin Dilolin Atamfa

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma a rumfar da na gada daga mahaifina nake zaune har yau. Boko kaɗan na yi, rubutun Hausa kuwa da kaina na koya, don haka wanda ya ga gyara ya yi mini uzuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan maganar da ba ta layina ba shi ne, kusan duk abokin kasuwancin da muka zauna hira da shi, daga nan har Marwa da Ngaundare, yana da yaro a gida da ya hana shi sakat da maganar a saya masa kwamfuta zai buɗe situdiyo. Wasu sun saya suna da-na-sani. Wasu sun hana, yaran suna zamewa zuwa na abokai. Ni dai na saya, ga kuma abin da ya biyo baya.

A watan Janairun 2022 aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka a nan Kamaru, Allah kuma ya sa a filinmu na Rumde Ajiya Nijeriya ta buga wasanninta. Gari ya cika da baƙi daga Yola da Mubi da Kano. Ranar da Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema, har bayan magariba ban rufe rumfa ba. Kafin Tunisiya ta fitar da su ranar 23 ga wata, ni na riga na ci kasuwata. Daga ribar nan ce na saya wa autana kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, da makirfo, da wani ɗan akwati mai ƙofa biyu da ake jona makirfo a jikinsa kafin sauti ya shiga kwamfuta, wanda su suke kira sankad. Uwarsa ba ta so ba. Ta ce kiɗa ba sana'ar gidanmu ba ce, kuma gaskiyarta. Na ce da zaman bakin titi gara ɗaki, aƙalla na san inda yake.

Manhajar da ya ɗora ita ce FL Studio, wadda wani kamfani na ƙasar Beljiyam yake yi, da can sunanta FruityLoops. Wasu abokansa Cubase ta Jamusawa suke amfani da ita, kuma kullum cikin gardama suke a kan wadda ta fi, kamar gardamar masu shadda a kan wace ce ta fi maiƙo. Cikin 'yan watanni Auta ya fara samun na sabulu. Mai maganin gargajiya ya zo a yi masa talla da zai riƙa sawa a lasifika ranar Lahadi a kasuwar Pitowa. Ƙawayen amarya su zo da jerin sunaye a takarda a yi musu waƙar biki. Ya ɗora kiɗan fiyano irin na finafinan Kano, ya rera, ya zuba wa muryar abubuwan da yake kira ifek, sai ka ji kamar aljani na waƙa a cikin rijiya. Ni abin bai yi mini ba, amma masu biya sun ce ya yi, ni kuwa ɗan kasuwa ba na jayayya da mai saye.

To akwai wani tsoho a unguwarmu ta Hausare, makaɗin kalangu ne, gadon gidansu ne kiɗan mahauta. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya yi kiɗan auren mahaifina, shi ya yi nawa a 1996. Abin da ya bambanta shi da sauran makaɗa shi ne, a kansa akwai sunayen fataken da suka kafa unguwar nan: wane madugu ya taso daga Kano, wa ya biyo ta Bauchi, wa ya yada zango a Yola shekara kaza kafin ya ƙetaro, wa ya auri 'yar wa. Yana da waƙar zamanin da jiragen ruwa ke hawowa kogin Binuwai da damina har tashar Garwa, su sauke gishiri da kananzir su ɗauki auduga da gyaɗa, tun kafin a gina madatsar Lagdo a farkon shekarun 1980. Sunan kakana yana ciki, da kirarinsa, kuma ban san wani mahaluƙi da ya riƙe wannan kirari ba in ba Baba ba. Ya haura tamanin. Wata rana na gan shi yana dogara sanda zuwa masallaci, sai gabana ya faɗi. Na ce wa Auta, kai da kake ɗaukar muryar masu maganin basir, ba za ka ɗauki ta kakanka ba?

Da ƙyar Baba ya yarda. A cikin hunturu, farkon 2023, ya zo gidana da kalangunsa da ɗan amshinsa guda da ya rage. Aka shiga ɗakin Auta, ɗakin siminti ne mai rufin kwano, ba komai a ciki sai tebur da katifa. Baba ya yi kusan awa biyu. Ni ina bakin ƙofa, da ya zo kan kirarin kakana sai da na share hawaye.

Bayan kwana uku Auta ya kira mu mu ji aiki. Ya kunna. Ba a yi minti ɗaya ba Baba ya ɗaga hannu.

"Jika, wane ne wannan?"

"Kai ne mana, Baba."

"A'a. Ni dai na san ban taɓa waƙa da hanci ba. Wannan ɗan daudun ka nemo ubansa ka kai masa."

Aka yi dariya, don akwai wasan jika da kaka a tsakaninsu, amma na ga ran tsohon ya ɓaci. Muryar tana rawa tana tsalle kamar ta akuya, duk inda ya ɗaga ta sai ta fashe kamar an yaga ƙyalle, ga amsa-kuwwa ta lulluɓe kalmomin har sunan kakana ma ban gane shi ba. Na ce wa Auta ya cire duk tarkacen nan ya bar mana muryar yadda Allah ya yi ta. Sai ya sunkuyar da kai. Ashe tun lokacin ɗauka ya bar ifek ɗinsa na waƙar biki a kunne, kuma ya saita manhajar ta naɗi sautin bayan ya ratsa ta cikinsu. Akwai zaɓin a naɗi abin da ke fitowa daga makirfo tsantsa, bai kula da shi ba. Wato rinin ya riga ya kama zare. Awa biyu na tsoho mai shekara tamanin sun tafi a banza.

Ranar ban yi masa faɗa ba, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama.

Allah da ikonsa, cikin watan Fabrairu, lokacin da mata ke rububin atamfar CICAM ta ranar 8 ga Maris, wani dattijo Bafulatani ya zo saya wa iyalinsa. Tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne, ɓangaren na'urori, ya yi ritaya. Muna ciniki na ba shi labari. Ya ce in kai shi ya ga ɗakin. Da muka shiga bai ko dubi kwamfutar ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya ce mu saurara. Sai muka ji wani ƙarrr ya biyo bayan tafin, kamar an buga kwano. Ya ce wannan shi ne ifek na farko, kuma ba a cire shi. Sauti yana fita daga baki ya bugi bango ya dawo cikin makirfo, ya sake bugun wancan bangon ya dawo, duk ya cakuɗe da muryar. Ya tambaye ni ko ina da wani ɗaki. Muka zagaya gida yana tafi, har muka zo sitona inda nake jibge kaya. Diloli ne tun daga ƙasa har kusa da rufi ta ɓangare uku. Ya tafa. Shiru, tafin ya mutu nan take. Ya juyo ya ce, "Alhaji, a Turai kuɗi masu yawa ake kashewa a gina irin wannan ɗaki, kai kana da shi kana ajiye ɓeraye."

Daga ranar ya riƙa zuwa bayan la'asar yana koya wa Auta, rabi da Fulatanci rabi da Faransanci, ni kuma ina gefe da ɗan littafin da nake rubuta bashi a ciki, ina rubuta abin da na gane. Abin da zan faɗa nan gaba daga littafin nan ne, kuma duk mun gwada shi.

Ya fara da ƙarfin shigar sauti. A cikin manhajar akwai ma'auni mai hawa da sauka, can ƙololuwarsa an rubuta sifili. Ya ce sifilin nan bakin mudu ne, duk abin da ya haura shi ya zube ƙasa, ba ya dawowa, shi ne fashewar da muka ji. Yara suna murɗa maɓallin sankad har ƙarshe don suna ganin ƙara ita ce kyau. Ya ce a sa mawaƙi ya yi baitin da ya fi ɗaga murya a ciki, a saita yadda ko a nan ma'aunin ba zai wuce desibel 10 ko 12 ƙasa da sifili ba. In sautin ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, musamman in an saita naɗin a kan bit 24. Wanda ya fashe kuwa sai dai haƙuri.

Sai makirfo. Wanda na saya wa Auta irin mai laushin nan ne da ke buƙatar wutar bolt 48 daga sankad, mai jin komai. A ɗakin da aka gina don waƙa alheri ne, a Garwa kuwa yana jin mashin da ya wuce a bakin titi, da zakaran maƙwabta, da turmin gidan baya. Dattijon ya kawo nasa, wani tsohon Shure SM58 da duk fentin kansa ya goge, irin wanda ba ya jin sai abin da ke gabansa. Shi aka ba Baba, tazarar kamar yatsu huɗu daga bakinsa, an ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar baki ta doke shi kai tsaye. Mai laushin aka ajiye wa kalangu da ɗan amshi. Ya kuma ce tazarar da ke tsakanin makirfo biyun ta kai aƙalla ninki uku na tazarar kowannensu da abin da yake ɗauka. Dalili shi ne, in sauti ɗaya ya shiga biyun da ɗan bambancin lokaci, idan aka haɗa su sai su riƙa cin juna, kalangu ya rame ya zama kamar gwangwani.

Akwai kuma wani ƙugi siriri da ke ƙarƙashin duk abin da Auta ya taɓa naɗa, mun saba da shi har ba ma jin sa. Dattijon ya zare cajar kwamfuta daga bango, ƙugin ya ɗauke ɗif. Ya ce wutar lantarkin ƙasashenmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in wayoyin gida ba su da kyakkyawar hanyar sauka ƙasa, wannan kaɗawar takan biyo caja ta shiga cikin sauti. Magani mai arha: a cika batir, a zare caja, a yi naɗi. Janareta kuwa ya fi muni. A kashe fanka, a kashe firji in yana kusa, wayoyin hannu a fitar da su waje.

Saura lallashin Baba. Sau uku ina zuwa da goro. A na ukun ya ce, "Ɗan Alhaji, don ubanka zan koma, ba don wannan ja'irin ba." Muka sa rana a farkon Maris, kafin azumi ya kama. Wanda ya san Garwa ya san abin da Maris ke nufi, zafin da ke haura digiri 40 da rana. Muka bari sai wajen sha ɗaya na dare da gari ya yi tsit, muka shiga sito mu biyar, ba fanka, ƙofa a rufe. Auta ya miƙa wa Baba abin sawa a kunne, ya kunna masa wani ƙwas-ƙwas da ke ƙirga lokaci, wai ya bi shi, a ɗauki kiɗa daban sannan a ɗora murya, yadda suke yi da fiyano. Baba ya cire ya ajiye ya ce shi ba direban jirgin sama ba ne. Dattijon rediyo ya goyi bayansa. Ya ce makaɗin kalangu da hammatarsa yake magana, yana matse igiyoyin ganga yana saki, bakinsa da hannunsa abu ɗaya ne, in ka raba su ka kashe waƙar. Su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ai ba ƙwas-ƙwas suka bi ba. Aka bar shi ya yi yadda ya saba, kowane makirfo a layinsa, ba ifek ko ɗaya. Duk bayan minti ashirin mu buɗe ƙofa mu sha iska, Auta ya adana abin da aka yi. Dare uku muka yi a haka. Babbar rigata har matse ta na yi.

Yanzu ga maganar jerin kayan gyara, wadda a kanta ne yara suka fi ɓata. A FL Studio kowane layi na miksa yana da gurbi goma, sauti yana shiga ta na sama ya gangaro zuwa na ƙasa, kowane gurbi yana aiki ne a kan abin da na samansa ya miƙo masa. Auta a da duk wanda hannunsa ya faɗa a kai shi yake sawa. Da dattijon ya yi bayani sai na ce ai wannan aikin marina ne. Wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Mata a Kano ya san sai an wanke yadi a cire masa datti, sannan a tsoma a baba, a shanya, sannan a kai wa masu bugu, turare kuwa sai an zo sawa. Kayan aikin duk ɗaya ne, amma wanda ya kai bugu kafin wanki ya buge datti ya shige cikin zare. Dattijon ya yi dariya ya ce shekara talatin yana koyar da yara bai samu misalin da ya kai wannan ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wankin shi ne ikwalaiza, wato rariyar sauti. Da ita aka yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80 a layin murya, don can ba muryar mutum ba ce, ƙugin mota ne da motsin ƙafa. Aka ɗan rage desibel biyu ko uku a wajajen haz 300, inda murya ke yin kamar ana magana cikin tulu. Ya ce a fara da ragewa kafin a yi tunanin ƙarawa, kuma in ka ga kana rage goma ko ƙara goma, to matsalar tana wurin ɗauka, ka koma can. Layin kalangu ba a yanke shi sosai ba, don kaurinsa a ƙasa yake.

Bayan rariya sai kwamfuresa. Wannan ya ba ni wahalar ganewa, sai da ya ce in ɗauka wani yaro ne aka zaunar da hannunsa a kan maɓallin ƙara, in Baba ya yi tsawa ya rage, in ya sassauta ya saki. Aka saita shi uku bisa ɗaya, wato in murya ta haura iyakar da aka sa mata da taki uku, taki ɗaya kawai zai bari ta wuce. Kuma kada ragin ya wuce desibel uku zuwa biyar. Dalilin da ya sa rariya take gabansa shi ne, in ba a tace ƙugin ba, yaron nan zai ji mashin ya wuce ya rage muryar Baba ba gaira ba dalili.

A nan ne na kawo tawa gudummawar, don dattijon ba Bahaushe ba ne. Auta ya saita yaron nan ya riƙa cafke sauti da sauri ƙwarai, sai na ji wani abu ya canza. Harufanmu masu ƙugiya, ƙa da tsa musamman, ƙarfinsu yana a farkon fitarsu ne, kamar ɗan fashewa. In an cafke kan nan sai su yi laushi, ka kasa rabe baƙi da baki, ko ƙafa da kafa. Aka ɗan jinkirta cafkar, haruffan suka dawo. Haka ma abin da ke rage kaifin sa da sha, wanda ke biye da kwamfuresa yana aiki can sama wajajen haz 6,000 zuwa 8,000: da aka matsa masa da yawa, tsoro ya koma kamar soro, Baba ya zama kamar mai wawulo. Waɗannan kayan ba da kunnen Bahaushe aka ƙera su ba, kuma saitin da yara ke kwafowa a intanet na masu waƙar Turanci ne. Sai ka sa wanda ya san harshen ya rufe ido ya saurara.

Turare shi ne ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙarawa don murya ta yi kamar a babban zaure. Shi ne ƙarshe, kuma dattijon bai yarda a sa shi a kan layin muryar ba sam. Aka buɗe masa layi nasa daban, ana ɗiban kaɗan daga murya da kaɗan daga kalangu ana tura masa, ta yadda asalin muryar tana nan a bushe a gaba, ƙamshin yana bayanta, kuma su biyun kamar a ɗaki ɗaya suke. Ma'auninsa: ka ƙara har sai ka ji shi, sannan ka rage. In aka sa shi a saman kwamfuresa, yaron nan zai riƙa ɗago jelar amsa-kuwwar duk lokacin da mawaƙi ya yi shiru, shi ne rijiyar da Auta ya jefa Baba a ciki.

Sai babbar gardama, Auto-Tune. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand, wanda ya yi aikin neman man fetur ta hanyar auna sauti a ƙarƙashin ƙasa, shi ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1997. Waƙar Believe ta mawaƙiya Cher a 1998 ita ta sa duniya ta san muryar nan mai rawa. Aikinsa shi ne ya ja kowane amo zuwa madannin fiyano mafi kusa. Ga waƙoƙin zamani da aka gina a kan fiyano yana da wurinsa, ni ma ina jin su Nura M. Inuwa a mota, ban ce komai ba. In za a sa shi, a sa shi can sama kafin ribab, a gaya masa ainihin ma'aunin waƙar, kuma kada a saita saurinsa a sifili sai in muryar aljanin ake so da gangan. Amma Baba ba fiyano yake bi ba, kalangunsa yake bi, shi kuwa kalangu zamewa yake yi tsakanin amo da amo. Ga shi na'urar amo ɗaya take iya bi a lokaci guda, to in kiɗan ya kutso cikin makirfon murya sai ta rikice ta rasa wanda za ta kama. Sannan Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na ido da kuka ta miya, baba mahaifi da baba ta rini, rubutu ɗaya ne, karin murya ne ya raba su. Mawaƙin gargajiya yana kiyaye wannan ko bai san sunansa ba. Auta ya so a sa ko kaɗan ne, wai don samari su saurara. Na ce kuɗina ne, kakana ne, ba za a sa ba.

Da aka gama, dattijon bai bari mun yanke hukunci da abin kunne ba. Ya ce ina mutanenku za su ji shi? A waya, da ɗan lasifikan mai shayi, da motar Ngaundare. Aka haɗe sautin ya zama na baki ɗaya aka ji ko kalangu ya rame, bai rame ba. Aka sa a wayar uwargida, wadda lasifikarta ta sha miya, sunaye suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ita da ta ce kiɗa ba sana'armu ba ce, sai ga ta tana cewa a mayar da wurin da aka ambaci kakarta.

Muka kai wa Baba har gida, kwana biyu kafin azumi. Ya saurara ido rufe, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Da aka kai ƙarshe ya ce, "To, wannan ni ne. Amma jika, a wurin mutanen Bauchi na tsallake gida biyu, bayan Sallah ka zo mu gyara." Bayan Sallah ciwon ƙafa ya kwantar da shi, muka ce sai ya ji sauƙi. Da damina ta zauna Auta ya ce ruwa a kan kwano ba zai bari a yi naɗi ba, ga fatar kalangu ta saki saboda laima, a bari sai kaka. A cikin watan Agusta Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Gidajen nan biyu har yau ba mu san su ba, ɗan amshin ya ce shi amshi kawai ya riƙe.

Asalin naɗin, wanda ba a taɓa shi da komai ba, yana nan a matsayin WAV a wuri uku: a kwamfutar Auta, a filas cikin akwatin takardun gidana, da kuma wurin ƙanena a Kano. Dattijon ya ce kayan gyara za su canza nan da shekara goma, wani zai zo ya fi mu iyawa, to ya samu yadin fari. Wanda muka gyara muka mayar MP3 muka raba wa dangi. In za ku tura irinsa ta WhatsApp ku tura shi a matsayin fayil, kada ku kunna a lasifika ku sake ɗauka da maɓallin saƙon murya kamar yadda wani ɗan'uwanmu ya yi, ya mayar da aikin dare uku kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Ya isa har Duwala da Kumasi da Jidda, mutanen da ban taɓa gani ba suna kira suna cewa sun ji sunan kakansu.

Wanda yaronsa ya dame shi, ni shawarata kada kuɗin ya ƙare a kan kwamfuta. A rage na makirfo mai kyau da sankad, kuma a hana shi kwaso manhajojin sata barkatai, don kayan da suka zo tare da manhajar sun ishe shi, da su muka yi duk aikin Baba. Sannan a nemo masa wani tsohon ma'aikacin rediyo ya zauna da shi. Suna nan a kowane gari, sun yi ritaya, ba mai tambayarsu komai.

Auta yanzu ya mayar da sitona situdiyo, yana biyana haya jaka biyar a wata, ina karɓa kuwa ba kunya. Matsalarmu ɗaya: duk gabanin Sallah da na kwashe diloli na kai kasuwa, sai ɗakin ya koma amsa-kuwwa, ya zo yana tafa hannu yana ɓata rai, wai Abba ka sayar mini da bango. Bara sai da na bar masa dila shida na wani zanen da ya ƙi tafiya tun 2021, ruwan ƙasa mai ganyen ayaba, wanda dama na rasa yadda zan yi da shi.